Kafin Ruwan Fari: Yadda Unguwannin Kano Ke Cin Bazara

Daga tsakiyar watan Maris zuwa farkon Mayu, birnin Kano ba ya kwana a ɗaki. Hunturu ya kwashe kayansa, hazo ya washe, rana ta dawo da ƙarfinta, har ma'aunin zafi ya riƙa taɓa digiri 40 a watan Afrilu, wani lokaci ya haura. Ginin bulo da rufin kwano su sha rana tun hantsi, su riƙe zafin har tsakar dare. Da an idar da sallar isha'i sai a fara fito da tabarmi da katifu, mata da yara a tsakar gida, samari a ƙofar gida, magidanta a bakin zaure da mafici a hannu. A wannan lokaci ne darbejiya ke fure tana baza ƙamshi da daddare, mangwaro ya cika kasuwar 'Yan Lemo, mai firji ya zama attajirin ƙanƙara, ɗan garuwa kuma ya zama mutumin da ake nema da lallami.

Zafin da ke korar mutane daga ɗaki shi ne ke tara su wuri guda. Maƙwabcin da ka yi wata uku ba ka gani ba saboda sanyi, yanzu kullum kuna tare a dakali. Kuma duk wanda ya lura zai ga cewa yawancin ayyukan da ke riƙe da unguwa, daga yashe kwata har gyaran maƙabarta, a irin wannan zama ake ƙulla su, a kuma wannan ɗan tsakani ake aiwatar da su, domin kowa ya san damina na tafe. Mutanen da ke wasa da yamma su ne ke shiga kwata da safe.

Majalisa ba ta da rajista, ba ta da shugaba a rubuce, amma kowace da dokarta. Benci biyu ne a gindin bishiya, ko tabarma a gaban shagon tela, ko dakalin wani gida da mai shi ya saba da hayaniya. Akwai ta dattawa, wadda ke zama daga la'asar ta tashi da kiran magariba. Akwai ta matasan magidanta da ke kai wa sha biyun dare a kusa da teburin mai shayi. Ta samari kuwa ba a san lokacin tashinta ba. A nan ake buga dara, wasan da ba ya neman komai sai gurabe 30 da aka tona a ƙasa da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, wannan ya riƙe tsakuwa, wancan ya riƙe guntayen kara, kowa na neman ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. Masu bugawa shiru suke yi. 'Yan kallo ne ke da baki, su ne ke ganin kuskuren da ba a yi ba tukuna. Ludo da karta sun ci wa dara kasuwa a wurin samari, wayar hannu kuma ta ci wa dukkansu, amma har yanzu da wuya ka ratsa lungunan cikin gari da yamma ba ka tarar da dattawa sun sunkuya a kan gurabe ba.

Gidajen kallon ƙwallo ma a bazara suke cin kasuwa, domin a watannin Afrilu da Mayu ne gasannin Turai ke zuwa ƙarshe. Rumfar kwano, mutum ɗari a ciki, janareto na ruri a baya, gumi na zuba, ba mai motsawa. In an tashi a dawo majalisa a ɗora musu, daga nan a gangaro kan Kano Pillars, a tuna shekarun 2012, 2013 da 2014 da Masu Gida suka ɗauki kofin ƙasa sau uku a jere. Mai son dambe ya nufi dandalin Ado Bayero a Sabon Gari ya ga 'yan damben ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada suna gwada ƙwanji. Mai doki ya jira rana ta yi sanyi ya fita kilisa.

Amma a cikin abubuwan sha'awar da bazara ke fito da su fili, babu wanda ya kai kiwon tattabaru kama zuciyar mai shi. Mai tattabaru ya fi kowa sammako a gida. Kafin rana ta ɗaga ya share ɗakinsu, ya sauya musu ruwa, domin a wannan zafi ruwan da ya kwana ko ya sha rana ciwo ne gare su. Ya watsa dawa ko gero, ya tsaya yana ƙirga su da ido, ya san wadda ke kwanci, ya san namijin da ya fara rigima. Da yamma ya sake su, su tashi su yi ta kewaya saman unguwa, shi kuma yana ƙasa ya ɗaga kai, ba ya jin kiran kowa. Abokan gabansa sanannu ne: shaho daga sama, muzuru daga katanga, sai kuma maƙwabci mai tattabaru irinsa, wanda garkensa kan janye tsuntsuwar wani ta bi su ta sauka a gidan da ba nata ba. Irin wannan ƙara ba ta zuwa wurin 'yan sanda. A majalisa ake yanke ta, a kira shaidun da suka san launin tsuntsuwar da tabon da ke fiffikenta, a mayar wa mai ita, wani lokaci da ɗan kuɗin dawar da ta ci.

Ga yara da yawa a Kano, tattabara ce dukiyar farko da suka taɓa mallaka. Yaro ya tara kuɗin tara ya sayi mace da namiji, su yi ƙwai biyu, su ƙyanƙyashe, ya sayar da 'yan shila ga mai son farfesu, ya sayi hatsi da kuɗin. A nan yake koyon cewa abin da ke da rai ba ya jiran ka gama wasa. Iyaye kan yi ƙorafin kashi a kan shanya da ɓarnar hatsi, amma uban da ya san abin da ke jiran yaro a bakin titi, daga daba har shaye-shaye, ya fi son ya ga ɗansa a kan katanga yana kallon sama.

Akwai nishaɗin bazara da ba a so, shi ne wanka a kududdufi. Zafi kan kori yara su faɗa duk ruwan da suka samu, kuma kusan kowace shekara sai an ji jami'an hukumar kashe gobara sun je ciro wani. Wanda ya tsira daga nutsewa kuma yana iya komawa gida da tsargiya. Haka nan wannan ne lokacin sanƙarau da ƙyanda. Manya ba su manta da 1996 ba, shekarar da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 11,000, Asibitin Zana na Kano ya cika ya batse. In ma'aikatan rigakafi suka shigo unguwa kuwa, ƙofar mai unguwa suke fara tsayawa. In ya sa yaronsa ya raka su, ƙofofi na buɗewa. In bai sa ba, sai su wuni suna sallama a zaure.

Gayya ta baro gona ta shigo lungu

A ƙauyukan da ke kewaye da birni, irin su Gezawa da Minjibir da Dawakin Kudu, bazara ba lokacin hutu ba ce. Lokacin sharar gona ne da kai taki, masu ƙarfin hali har su yi binne, su zuba iri a busasshiyar ƙasa su jira ruwa. 'Yan ci-rani da suka cika birni tun bayan kaka, masu garuwa da masu yankan farce da masu dako, yanzu suke ɗaure kaya su koma gida, abin da ke ƙara wa ruwan jarka tsada a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. A irin waɗannan ƙauyuka gayya ta samo asali: mai gona ya gayyaci jama'a, ya tanadi fura da tuwo da goro, makaɗa su zo da gangar noma, a gama masa a wuni ɗaya aikin da zai ɗauke shi mako biyu, gobe kuma shi ma ya je ta wani.

Da can akwai wata igiya da ta ɗaure birnin da waɗannan gonaki. Michael Mortimore, masanin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya yi rubutu a kan yadda jakuna ke shigowa Kano da itace su fita da taki a mangala. Wato sharar birni tana da mai so. Toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa da sauran tarkacen gida duk abinci ne ga gona, juji kuma ba ya daɗewa a tsaye. Leda ce ta tsinke wannan igiya. Manomi ba ya son takin da rabinsa ledar fiya wata ce, 'yan jari-bola kuma ƙarfe da robobi suke tsinta, su bar sauran. Abin da ba mai so kuwa, kwata ce makomarsa.

Gwamnati ta daɗe da gane haka. A 1984 mulkin soja na Muhammadu Buhari da Tunde Idiagbon ya ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, a 1985 kuma aka buɗe babin tsaftar muhalli, a Kano ma aka yi bikin buɗe shi. Daga nan aka gaji tsaftar ƙarshen wata. Har yau a Asabar ɗin ƙarshe ta kowane wata ana hana zirga-zirga daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, kotun tafi-da-gidanka na cin tarar wanda aka kama a hanya. Sai dai duk wanda ya leƙa waje a irin wannan safiya ya san abin da aka fi yi da ita. Magidanta su ƙara barci, samari su dasa duwatsu biyu a tsakiyar kwalta su mai da titi filin ƙwallo. Ba na ganin laifin yaran sosai. Sau ɗaya ke nan a wata da suke samun fili mai faɗi haka kyauta.

Gayyar da unguwa ta kira da bakinta daban take. Maganar kan taso ne a majalisa, wani ya ce bara ruwa har gadonsa, wani ya ce kwalbatin bakin masallaci ta toshe tun azumi. A je a gaya wa mai unguwa, liman ya yi sanarwa bayan sallar isha'i, a sa a zauren WhatsApp na unguwa saboda waɗanda ba su zo jam'i ba. A yi karo-karo, a ari shebur da manjagara da diga da baro. Ranar aiki ana idar da asuba ake farawa, don a ci ƙarfinsa kafin rana ta buɗe. Samari su shiga kwata, da yawansu ba takalmin roba ba safar hannu, suna kwaso baƙin taɓo mai wari da leda da tsumma da fasassun kwalabe. Dattawa su tsaya a gefe suna sa albarka suna nuna inda aka tsallake. Mai hali da ba zai iya shiga ba ya aiko da kuɗi, kuma ana lura da nawa ya aiko. Babu kotu, babu tara, amma wanda ya rufe ƙofa ya kwanta alhali maƙwabtansa na cikin kwatar ƙofar gidansa, zai daɗe yana jin abin a majalisa. Kunyar ido ta fi tarar gwamnati aiki a nan.

A unguwanni da dama wannan ya wuce abin da ake yi sau ɗaya a shekara. Akwai ƙungiyoyin taimakon kai da kai masu suna da shugabanni da littafin kuɗi, waɗanda ke fita kusan kowane mako, yau a unguwarsu, gobe a gayyace su wata. Da yawansu daga kulob ɗin ƙwallo suka tsiro, ko daga majalisar samari da ta gaji da zama haka nan. Su ne kuma ake nema in taransifoma ta ƙone za a bi gida-gida karɓar kuɗin gyara, ko in famfon burtsatse ya lalace, ko in ƙwacen waya ya yi yawa ana son a kafa sintiri.

Inda aikin ke lalacewa sananne ne, kuma kowace shekara a wuri ɗaya yake lalacewa. An kwaso taɓo an tara a bakin kwata don ya tsane kafin a kwashe. Kwashewa kuwa sai da tifa, tifa kuma ba ta cikin abin da karo-karon talakawa ke iya ɗauka a kai a kai. Aikin hukumar kwashe shara ta jiha ne, wato REMASAB, birnin kuma ya yi girman da motocin da ake da su ba sa isa ko'ina a kan lokaci. Tarin ya bushe, awaki su baje shi, masu babur su taka. Sai hadarin farko ya taso da iskarsa, ruwa ya sauka, cikin rabin sa'a duk abin da aka fitar ya koma inda ya fito. Babu abin da ke kashe gwiwar matashi kamar ya ga haka sau biyu. 'Yan siyasa kuma sun gano cewa shebur da baro kyauta ce mai arha da ke fitowa da kyau a hoto, don haka suna yawaita a shekarar zaɓe. Ƙungiyoyi da yawa sun rabe biyu a kan wa ya karɓo, wa ya riƙe.

Rufin soro da bakin kabari

A cikin tsohon gari, inda har yanzu akwai gidajen ƙasa, bazara lokacin yaɓe ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka tun kafin hadari ya fara haɗuwa za ka ga an kwaɓa ƙasa a ƙofar gida, magini na kan soro yana toshe tsaga, yana gyara bakin indararo, yana duba azarar da gara ta ci. A daidai wannan lokaci ne ɗorawa ke nuna, kuma daga ɓawonta ake samun makuba da ake shafe bango da ita don ruwa ya zame. Masu hali a da laso suke yi, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara. Siminti ya kusa kashe wannan sani, kuma sau da yawa bai yi wa ginin ƙasa alheri ba, domin in ruwa ya shiga bayansa sai ya ɓanɓare da bangon gaba ɗaya. Yaɓe ba aikin mutum ɗaya ba ne a lungun da katangar wannan ita ce bangon ɗakin wancan. In maƙwabcinka bai gyara nasa ba, kai ma ba ka gama naka ba.

Gayyar da ba a yin gardama a kanta ita ce ta maƙabarta. Ruwan sama na rufta kaburbura, yana yanka hanya a tsakaninsu, don haka kafin ya sauka ake fita cike waɗanda suka lotsa, a sare ciyawa da ƙaya, a toshe inda katanga ta faɗi, a tara itace da tukwanen rufi. A manyan maƙabartu irin Dandolo da ke Goron Dutse, aikin ya fi ƙarfin dattawan da ke haƙa, waɗanda yawancinsu ba su da wani albashin kirki sai abin da aka ba su sadaka. A nan za ka ga ɗan Izala da ɗan ɗariƙa suna miƙa wa juna kwandon ƙasa, ɗan wannan jam'iyya na tura baro ɗan waccan na lodawa. Kowa yana da nasa a kwance a wurin.

Akwai waɗanda ba a gani a hoton gayya, alhali da su aka yi. Kunun tsamiya da zoɓo da ruwan sanyin da ake fito da su a bokiti, daga cikin gida suke fitowa, sau da yawa da kuɗin adashin matan. Mace ce ta fi kowa sanin ranar da kwata ta toshe, domin ita ke zubar da ruwan wanke-wanke ta ga ya dawo mata. Ita ce ke kwashe ruwa da roba in ya shigo ɗaki da tsakar dare, ita ke jinyar yaro in sauro ya yi yawa. Nata nishaɗin ma na cikin gida ne: zogale da lalle da ɗoɗɗoya da take rayawa da ruwan alwala a bayan ɗaki, kitso da hira a inuwa bayan an dawo Islamiyya. Amma majalisar da ake yanke shawara ba ta da wurin zamanta, sai dai ta aika da saƙo ta bakin miji ko ɗa. Unguwar da ta fara tambayar matanta inda ruwa ke kwanciya kafin ta sa shebur, za ta rage wa kanta wahala.

Sai maganar da ta fi ƙarfin shebur. Kududdufan Kano ba haka kawai suka samu ba. Ramuka ne da aka haƙi ƙasar gina gidaje da ganuwa, wadda tarihi ya nuna an fara ta tun zamanin Sarki Gijimasu, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa. Ɗaruruwan shekaru su ne ke shanye ruwan damina kafin ya gangara kogin Jakara. Yau an cike da yawansu da shara an yanka filaye, an yi gini a kan badala, an matse hanyoyin ruwa da shaguna. Ita kanta Jakara an fara rufe ta don a shimfiɗa titin Wuju-Wuju a wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, aikin ya ɗauki shekaru bai kammala ba. Rusau ɗin da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta fara a watan Yunin 2023, har da shagunan da aka gina a filin Idi, ya nuna yadda rigimar filayen jama'a ta yi zafi, ko da yake ya bar mutane da dama da asara da shari'a. Filin da yara ke buga ƙwallo da ramin da ruwa ke kwanciya sau da yawa wuri ɗaya ne, kuma in aka sa masa fandisho an rasa duka biyun.

Samari na iya yashe kwata, amma ba za su iya ɗage gidan da aka gina a kan hanyar ruwa ba. Wannan magana ce ta takarda da sa hannu, ta hukumar tsara birane da ƙaramar hukuma. Unguwannin da suka fi samun biyan bukata su ne waɗanda ƙungiyarsu ta koyi rubuta wasiƙa, ta ajiye kwafi, ta koma ta tuna, in an yi shiru ta kai kuka gidan rediyo, domin a Kano jami'i kan jure wasiƙa goma amma ba ya son jin sunan ofishinsa a shirin Inda Ranka na Freedom Radio. Jihar tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kowace da kansilanta, amma ka tsaya a majalisa ka tambayi sunan kansila, sai an yi ta kallon juna kafin wani ya tuno. Sunan mai unguwa kuwa har yaran da ke tallar ƙanƙara sun sani, ga shi shi ba a ware masa ko sisin kwabo na hayar tifa ba.